Yadda ake sarrafa taki a gonar turare da dogon yaro don ƙasa ta jure sara bayan sara

Wanda ya saba noman masara yakan shigo noman bishiya da lissafin masara a kansa: buhu kaza na kamfa, buhu kaza na yuriya, kowace damina. Wannan lissafin ba ya aiki a gonar turare ko dogon yaro. Bishiya tana buƙatar takin buhu ne a daminarta ta farko da ta biyu, lokacin da saiwarta ba ta yi nisa ba kuma ciyawa ta fi ta ƙarfi. Da zarar rassa sun haɗe sun yi inuwa, ganyen da ke zubewa ne ke ciyar da ita, kuma daga nan abin da ake kwashewa daga gonar ya fi abin da ake zuba mata muhimmanci. Adadin da za a gani a nan gaba an yi shi ne don ƙasar savana ta arewacin Najeriya da kudancin Nijar, da tazarar mita 3 tsakanin bishiya da bishiya, wato bishiya 1,111 a hekta ɗaya. Wanda ya dasa a mita 2 yana da 2,500, wanda ya dasa a mita 4 yana da 625. Kowa ya ninka da adadin nasa.

A fara da sanin ƙasar

Kafin a sayi buhu ko ɗaya, a haƙa rami mai zurfin mita ɗaya a wurare biyu ko uku cikin filin, a duba bangonsa. Abin da ake nema shi ne ko saiwa za ta iya sauka. Idan diga ta ci karo da marmara ko dunƙulallen tsakuwa a zurfin santimita 40 ko kafin a kai haka, babu takin da zai gyara wannan. Bishiyar za ta yi kyau shekara biyu, sannan ta tsaya cik ko ta bushe a rani mai tsanani. Idan kuma bangon ramin ya nuna toka-toka da ɗigo-ɗigon tsatsa, ruwa yana kwanciya a wurin da damina. Turare na iya jure wannan, dogon yaro ba ya jurewa.

Sai gwajin ƙasa. A raba filin bisa kamanninsa: jigawa daban, jangargari daban, laka ko gefen fadama daban. A kowane kashi a yi tafiya karkace-karkace, a ɗebi ƙasa a wuri 15 zuwa 20, ta sama (santimita 0 zuwa 20) a bokiti ɗaya, ta ƙasa (20 zuwa 40) a wani bokitin. A kauce wa tsohon juji, gindin suri, makwancin shanu da wurin da aka ƙona kara, domin za su ba da sakamakon ƙarya. A cakuɗa kowane bokiti, a cire kamar rabin kilo, a shanya a inuwa, a zuba a leda da takarda mai sunan kashin. Cibiyar binciken aikin gona ta Samaru a Zariya, da sashen kimiyyar ƙasa na jami'o'i irin su Bayero a Kano, da INRAN, cibiyar binciken aikin gona ta ƙasar Nijar, duk wuraren da ake tambayar wannan aikin ne.

Idan takarda ta dawo, layi huɗu ake fara dubawa. Tsamin ƙasa, wanda ake rubutawa pH: ƙasa da 5.5 ya yi tsami, sama da 7.5 akwai alamar kanwa ko farar ƙasa. Ruɓaɓɓen abin da ke cikin ƙasa: idan kabon ɗinsa bai kai kashi 1 cikin 100 ba, ƙasar ba ta riƙe taki, kuma yawancin jigawar arewa haka take. Fosfaras: ƙasa da miligiram 10 a kilo ƙaranci ne. Fotash: ƙasa da 0.15 a ma'aunin da suke rubutawa ƙaranci ne. A mafi yawan filayen da ake ba bishiya, wato waɗanda hatsi ya gaji da su, fosfaras ne ke fara fitowa da ƙaranci, naitirojin na bi masa.

A wurin raino

Aikin nan gajere ne. A cika leda da ƙasar sama kashi 2, yashi kashi 1, ruɓaɓɓen taki da aka tankaɗe kashi 1. Wannan ya ishi yawancin iri har ranar dashe. Idan ganye ya fara ɗashewa bayan wata biyu, a narkar da giram 30 na kamfa a lita 10 na ruwa, a shayar da yamma, a bi da ruwa zalla don wanke ganyen. Kada a jefa ƙwayar taki cikin leda, ƙaramar saiwa ba ta da wurin gudu. Sati huɗu zuwa shida kafin dashe a daina ba da taki gaba ɗaya, a rage ruwa, a cire rumfa. Irin da aka cika wa yuriya yakan fito dogo, kore shar, gwanin sha'awa a idon mai saye, amma karansa ruwa-ruwa ne, shi ne ke fara kwantawa idan rana ta buɗe kwana uku bayan dashe. A zaɓi gajere mai kauri, santimita 25 zuwa 35.

Rami da takin gargajiya

A haƙa ramuka tun bazara, santimita 40 faɗi, 40 zurfi. A fako ko ƙasa mai tauri a kai 50 ko 60. Ƙasar sama a tara ta gefe ɗaya, ta ƙasa wani gefen. A kowane rami a haɗa ƙasar sama da kilo 2 zuwa 3 na ruɓaɓɓen kashin shanu ko na awaki, wato kamar shebur ɗaya da rabi, a mayar cikin ramin. A hekta ɗaya wannan ya kama tan 2 da ɗoriya zuwa tan 3 da ɗoriya, don haka a yi shirin amalanke da wuri, kafin masu gonakin hatsi su kwashe na garke.

Takin da ya ruɓe baƙi ne ko ruwan ƙasa, yana marmashewa a hannu, ba ya ɗumi, ba ya warin fitsari. Ɗanyen taki yana yin ɓarna uku a rami. Yana ɗaukar zafi ya dafa sabuwar saiwa. Idan da kara ko ƙaiƙayi a ciki, ƙwayoyin da ke ruɓar da shi suna janye naitirojin ɗin ƙasa na ɗan lokaci, sai a ga bishiya ta yi rawaya alhali an sa mata taki. Na uku, yana kiran gara, kuma gara ita ce babbar mai kashe ƙaramin turare a shekararsa ta farko: tana cinye ɓawon saiwa daga ƙasa, bishiya ta yi yaushi a tsaye. Kashin kaji ya fi kowanne zafi. Idan shi ke akwai, a tara shi a jiƙa a juya har wata biyu, kuma kada a wuce kilo ɗaya a rami.

A wannan matakin ne ake sa supa, wato takin fosfaras, giram 50 zuwa 100 a kowane rami, a cakuɗa da ƙasar da ke rabin ramin na ƙasa. Dalili shi ne fosfaras ba ya tafiya cikin ƙasa. Inda aka ajiye shi nan yake zama, don haka wanda aka watsa a sama bayan dashe zai daɗe bai kai ga saiwa ba. Supa kuma tana ɗauke da sulfa da kalsiyam, waɗanda kamfa ba ta cika kawowa ba. A giram 75, hekta ɗaya na cin kilo 83, buhu biyu ya isa har da saura. A Nijar, inda DAP, wani takin fosfaras mai haɗe da naitirojin, ya fi samuwa, giram 20 zuwa 30 ya wadatar, amma shi yana ƙona saiwa, sai a nisanta shi da ƙullin ƙasar irin. Garin dutsen fosfat irin na Tawa yana aiki a hankali kuma ya fi narkewa a ƙasa mai tsami. Ga bishiya wannan jinkirin ba aibi ba ne, ana iya sa giram 150 zuwa 200 haɗe da takin gargajiya.

Inda ruwan shekara bai wuce milimita 600 ba, tara ruwa ya riga taki. A yi ramukan tara ruwa na rabin wata ko tassa kamar yadda manoman yankin Tawa suke farfaɗo da fako, bakin yana fuskantar inda ruwa ke gangarowa, a dasa a ciki. Takin zamani a busasshiyar ƙasa gishiri ne kawai, janye ruwa yake daga saiwa.

Daminar farko

A dasa bayan ruwa ya zauna, ƙasa ta jiƙe aƙalla zurfin kamu ɗaya. A yawancin arewa wannan na faɗowa daga ƙarshen Yuni zuwa tsakiyar Yuli. Ranar dashe ba a sa kamfa, ba a sa yuriya. A jira sati uku zuwa huɗu, sai sabon ganye ya fito a kai, alamar saiwa ta kama.

Kafin taki, noma. A share ciyawa tas a kewayen kowace bishiya, mita ɗaya ko'ina, ko kuma a nome layin gaba ɗaya. Wannan shi ne wurin da kuɗi ya fi salwanta. Gamba, tofa, ƙarangiya da harƙiya suna da saiwa a daidai zurfin da ake binne taki, kuma sun fi ƙaramar bishiya saurin sha. Wanda ya sa taki bai yi noma ba ya ƙara wa ciyawa ƙarfin shaƙe bishiyarsa ne, ya kuma tara wa gobarar rani abinci. Idan kuɗin bai isa duka biyu ba, a biya masu noma a bar takin.

Kashi na farko: giram 50 na kamfa mai lamba 15-15-15 ga kowace bishiya. A huda ramuka biyu da sanda ko bakin fartanya, ɗaya dama ɗaya hagu, santimita 20 zuwa 25 daga gindi, zurfin santimita 5 zuwa 10. A raba takin biyu, a zuba, a rufe, a take. A gangare, ramukan su kasance a gefe da gefe ko ta sama, ba ta ƙasa ba. A yi aikin bayan an yi ruwa ƙasa na da danshi, ba lokacin da hadari mai ƙarfi ke tahowa ba. Hekta ɗaya na cin kilo 56, buhu ɗaya da ɗan ƙari.

Ma'aikata ba sa yawo da sikeli, kuma "ɗan dunƙule" na wani ninkin na wani ne. A auna giram 50 sau ɗaya a sikeli, a zuba a ƙaramin gwangwanin tumatir, a yanke gwangwanin daidai inda takin ya tsaya, a yi wa kowane ma'aikaci nasa. Yuriya ta fi kamfa rashin nauyi, saboda haka gwangwaninta daban.

Kashi na biyu yana zuwa sati huɗu zuwa shida bayan na farko: ko giram 50 na kamfa, ko giram 20 na yuriya idan an sa supa a rami kuma gwaji bai nuna ƙarancin fotash ba. Nisa daga gindi ya koma santimita 30. Sharaɗinsa ɗaya ne, a tabbata akwai sauran ruwan wata guda a gaba. A yankin Kaduna da kudancin Bauchi ana iya kaiwa farkon Satumba. A Kano, Jigawa da Katsina kada a wuce ƙarshen Agusta. Daga Maradi zuwa Damagaram, da arewacin Yobe da Sakkwato, kashi ɗaya na giram 30 zuwa 50 ya isa, a bar na biyun. Naitirojin da aka sa a makare yana tura sabon toho mai laushi daidai lokacin da hunturu ke shigowa, ganye ya yi yawa fiye da ruwan da saiwa ke iya kawowa, sai kan bishiyar ya ƙone.

Dalilin raba takin kashi biyu shi ne jigawa. Yashi ba ya riƙe naitirojin da fotash, ruwan Agusta guda biyu masu ƙarfi na iya saukar da su ƙasa da inda ƙaramar saiwa ta kai. A laka ana iya haɗa giram 100 a sa lokaci ɗaya, a ramuka huɗu. Yuriya kuwa, a kowace irin ƙasa, binne ta ake yi. Idan aka bar ta a sama cikin zafi da ɗan danshi, wani kaso mai yawa na tashi iska cikin 'yan kwanaki. Haka kuma ba a haɗa ta da toka ko farar ƙasa, haɗin na hanzarta wannan asarar.

Boron, wanda ba ya cikin buhun kamfa

Masu gonar turare da yawa sun san wannan ciwon ko da ba su san sunansa ba. Bishiya ta yi kyau duk damina. Da shigar rani, daga Disamba zuwa Maris, sababbin ganyen kai su tattare su yi kauri su riƙa karyewa, idon tohon ya mutu, bushewa ta biyo kara daga sama zuwa ƙasa, wani lokaci kamu ɗaya, wani lokaci fiye da mita. Da ruwa ya sauka sai rassa uku ko huɗu su fito daga ƙasan inda ya mutu. Bishiyar ba ta mutu ba, amma ta tashi daga miƙaƙƙiyar sanda ta koma mai ƙafafu, kuma mai sayen sandar gini ko falwaya ba ya biyan kuɗin kirki a kan irinta. Ma'aikatan tashar binciken gandun daji ta savana da ke Samaru, a gwaje-gwajen da suka yi a wurare irin su Afaka kusa da Kaduna, sun nuna cewa ƙarancin boron, wani sinadari da bishiya ke buƙata ɗan kaɗan, ne ke kawo wannan, kuma sa masa takin boron yana hana shi.

Boron yana shiga bishiya ne tare da ruwan da saiwa ke ja, kuma turare ba ya iya ɗauko shi daga tsohon ganye ya kai wa sabo. Ƙasa na bushewa, kan bishiya ya rasa. Yawan naitirojin yana tsananta abin, domin yana ƙara tohon da ke buƙatarsa. Shi ya sa gonar da aka fi yi wa hidima da yuriya wani lokaci ta fi maƙwabciyarta bushewar kai.

Maganin shi ne boraks, farin gari mai boron kusan kashi 11 cikin 100. Giram 15 a jigawa, giram 20 zuwa 25 a ƙasa mai nauyi, ga kowace bishiya, sau ɗaya a daminar farko, a tsakiyar damina, ba a ƙarshenta ba, don ya samu ruwan da zai shigar da shi. A cakuɗa shi da yashi cikin hannu ɗaya don ya bazu, a zuba a zobe santimita 40 daga gindi, a rufe. A giram 20, hekta na cin kilo 22. A jigawa ana maimaitawa a damina ta biyu. Tazarar da ke tsakanin isa da guba ƙanƙanuwa ce ƙwarai a boron, don haka a nan ba a ƙiyasi da ido: ninki biyu na iya ƙone gefen ganye har ya kashe ƙaramar bishiya. Idan an shuka wake ko gyaɗa tsakanin layuka, kada boraks ya kai gare su, ba sa jure shi. Idan alamar ta riga ta fara a farkon rani, ana iya fesa giram 2 a kowace lita ta ruwa, wato giram 30 a famfon goyo mai lita 15, a narkar da shi a ruwan ɗumi tukuna, a fesa da sassafe. Feshi yana tsayar da ɓarnar sabon toho ne kawai, ba ya raya kan da ya mutu.

Kada a ruɗa wannan da gara. Gara tana sa bishiya duka ta yi yaushi lokaci ɗaya, kuma idan aka ja ta sai ta tugo da saiwa a ƙwaƙule. Boron daga kai yake farawa, gindi da tsofaffin ganye suna nan kore.

Damina ta biyu, da lokacin dainawa

Da ruwa ya zauna, a yi noma, a sa giram 100 na kamfa ga kowace bishiya. Yanzu saiwa ta yi nisa, don haka a bi inda inuwar rassa ta tsaya, kamar santimita 50 zuwa 70 daga gindi, a ja ɗan kwari mai zurfin yatsa a zagaye ko a gefe biyu, a zuba a rufe. Kilo 111 ke nan a hekta. Inda ruwa ya haura milimita 900 kuma ganye bai yi koren kirki ba, a ƙara giram 30 na yuriya bayan wata ɗaya. Idan aka tara duka, shekara biyu sun ci kamfa buhu huɗu da rabi, supa buhu biyu da boraks, abin da bai kai na hektar masara a damina guda ba.

Daga damina ta uku, idan rassa sun haɗe kuma ciyawa ta fara mutuwa a inuwa, a daina. Icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma takin da bai samu a shekara biyun farko ba, ba ya ramuwa a ta biyar. Banda wuri ɗaya: gonar da aka rage wa bishiyoyi don sauran su yi kauri na iya amfana da kashi guda bayan ragin.

Dogon yaro bai kai turare ci ba. Takin rami da kashi ɗaya na giram 50 a daminar farko yawanci sun ishe shi. Malaina da maɗaci suna son ƙasa mai zurfi da ruɓaɓɓen taki fiye da na buhu. Gawo, bagaruwa da dakwara kuwa suna da ƙwayoyin halitta a saiwarsu da ke kamo naitirojin daga iska. A ba su supa a rami, a hana su yuriya, domin naitirojin na buhu yana rage ƙulle-ƙullen saiwar da ke yin wannan aikin. Layi ɗaya na irin waɗannan bishiyoyin bayan kowane layi huɗu ko biyar na turare yana ƙara wa ganyen da ke zuba ƙarfi, sai dai turare na iya rufe su da inuwa idan tazara ta matse.

Shuka wake ko gyaɗa tsakanin layuka a shekara biyun farko dabara ce mai kyau, saboda noman da ake yi musu bishiya ma na ci, kuma supar da aka ba su ba ta ɓata. A bar mita ɗaya babu shuka a kowane gefen layin bishiya. Dawa da gero sun yi tsawo, suna yi wa bishiya inuwa suna kuma shanye ruwa.

Karanta ganye

Tsofaffin ganyen ƙasa su yi rawaya bai ɗaya, bishiya ta tsumbure: naitirojin, ko kuma ruwa ya kwanta ya hana saiwa numfashi, don haka a tona a duba kafin a ƙara taki. Tsofaffin ganye su yi duhu da shuɗi-ja, girma ya tsaya: fosfaras. Jan sabon ganyen turare ba ciwo ba ne, halittarsa ce. Gefen tsohon ganye ya ƙone kamar wuta ta lasa: fotash, kuma toka cikin hannu biyu a zobe na taimakawa. Sabon ganye ya yi fari-fari jijiyoyinsa na kore: ƙarfe ne ya kasa shiga, yawanci a ƙasa mai kanwa ko inda aka jibge toka, kuma ƙarin kamfa ba ya gyara shi. Ganye ya ƙone cikin kwana biyu zuwa biyar bayan sa taki: takin ne ya yi kusa ko ya yi yawa, a tone shi a kwarara ruwa.

Hanya mafi aminci ta sanin ko takin yana biyan kuɗinsa ita ce barin layuka uku a tsakiyar gona ba tare da takin buhu ba, a yi musu alama da fenti. Kowane Nuwamba a auna tsawon bishiya 20 a layin tsakiya na ukun, da 20 a layin da aka sa wa taki, daga baya kuma a riƙa auna kauri a tsayin mita 1.3. A rubuta a littafi. Lambobin gonar mutum sun fi kowane adadi da ke cikin wannan bayanin.

Game da saye: yuriya ta gaskiya tana narkewa tas a kofin ruwa, kofin kuma ya yi sanyi a hannu. Idan yashi ya kwanta a ƙasa, an yi mata algus. A ajiye buhuna a kan katako, nesa da bango, a ɗaure wanda aka buɗe.

Ranar sara

A nan ne ake gane gonar da za ta ɗore. Itacen da ke cikin gungume ba shi da abinci mai yawa idan aka kwatanta da nauyinsa. Ganye, ƙananan rassa da ɓawo su ne suka tara kaso mai tsoka na naitirojin, fosfaras da fotash, ɓawon turare kuma cike yake da kalsiyam. Wanda ya sare ya loda komai a mota, mata suka share ganye, aka cinna wa sauran wuta, ya fitar da abin da bishiyoyin suka tara shekara shida ko bakwai cikin sati ɗaya. Sara na biyu zai fito siriri, na uku ya fi shi muni, sai a ce turare ya kashe ƙasa.

A yi sara a ƙarshen rani, gab da faɗuwar ruwa. A sassabe rassa a inda bishiya ta faɗi, a ɓare ɓawo nan take tun yana ɗanye, lokacin da ya fi saurin fita. A bar rassan sati biyu zuwa uku har ganye ya kakkaɓe, sannan a ba masu itacen girki duk abin da ya fi babban yatsa kauri. Sauran a baza tsakanin layuka, ba tsibi-tsibi ba, kuma kada a rufe kan kututture. Ba a ƙonawa. Wuta tana kore naitirojin da sulfa sama, tokar da ta rage iskar bazara da ruwan farko su kwashe. Tunda busasshen ganye abincin gobara ne, a share hanya mai faɗin mita 5 zuwa 6 a kewayen gonar tun Oktoba, kowace shekara. Idan ana yin gawayi a gefen gona, tokar da burbushin gawayin su koma cikin layuka.

Kututture a bar shi santimita 10 zuwa 15, a sare shi a karkace don ruwa ya zame. Zai fitar da toho da yawa. Kada a sa taki a lokacin, domin ciyar da toho goma da za a zubar da takwas asara ce. Idan sun kai mita ɗaya da rabi zuwa biyu, a zaɓi biyu ko uku mafi ƙarfi da suka fito daga ƙasa-ƙasan kututturen, a cire sauran. A damina mai bi a sa giram 100 zuwa 150 na kamfa ga kowane kututture, a tsakiyar layi inda ƙananan saiwoyi suke, tare da boraks idan an taɓa ganin bushewar kai a gonar. A hana dabbobi shiga har tohon ya fi ƙarfin bakinsu.

Kafin kowane sabon zagaye a sake gwajin ƙasa a wuraren da aka ɗiba da farko, a ajiye takardun biyu gefe da gefe. Idan pH ya sauka ƙasa da 5, ko kalsiyam da fotash sun ragu, a watsa farar ƙasar gona ko toka rabin tan zuwa tan ɗaya a hekta, wata guda kafin kamfa. Bayan sara na uku kututtura da yawa sukan daina toho. Idan kashi ɗaya cikin huɗu ya mutu, a daina kashe musu taki, a shuka wake damina ɗaya ko biyu, sannan a haƙa sababbin ramuka a tsakanin tsofaffin layuka.